Makarantar Hanoi da Zanen Biyetnam: Abin da Almajirai Suka Riƙe Bayan Tafiyar Malamai

A cikin watan Oktoba na shekarar 1924 gwamnatin Faransa mai mulkin ƙasashen Indocina ta ba da iznin kafa makarantar koyar da zane a birnin Hanoi, aka buɗe ta a 1925. Shugabanta na fari shi ne Victor Tardieu, Bafaranshe mai zane wanda ya sauka Hanoi a 1921 bayan ya ci wata kyauta ta gwaninta, kuma ya sami babban mataimaki cikin wani ɗan ƙasa mai suna Nam Son, wanda aka daɗe ba a ba shi hakkinsa ba wajen ambaton waɗanda suka kafa ta. Shekara 20 kaɗai makarantar ta yi a hannun Faransawa, gama an rufe ta a 1945 sa'ad da sojan Japan suka ture mulkinsu. Duk da gajartar kwananta, kusan kowane sunan da a ke girmamawa a zanen Biyetnam na ƙarni na 20 daga cikinta ya fito, har da waɗanda suka ɗauki kayan zanensu suka shiga daji tare da mayaƙan da suka kori Faransawan.

Ga abin da ya kamata a bincika: cikin abin da malaman nan suka koyar, wanne ne almajirai suka yar, wanne ne kuma suka riƙe har suka kira shi nasu?

Kafin 1925 ba a rasa zane a ƙasar ba. Akwai hotunan ƙauyen Dong Ho da a ke bugawa da katako don bikin sabuwar shekara, akwai sassaƙan ɗakunan taro na ƙauyuka, akwai kuma makarantun sana'a da Faransawa suka kafa a kudu, a Thu Dau Mot da Bien Hoa da Gia Dinh. Sabon abin da makarantar Hanoi ta kawo shi ne mai zane wanda ya ke sa sunansa a kan aikinsa, a rataye shi a bango, a saye shi don kallo kawai. Karatun shekara 5 ne, bisa tsarin makarantun Faris: zana mutum yana zaune a gabanka, ilmin ƙirar jiki, ilmin nisa da kusa, haɗa haske da inuwa, da aiki da fentin mai. Tardieu kuwa tsohon hannu ne, an haife shi a 1870, saboda haka sababbin hanyoyin da su Picasso suka girgiza Faris da su ba su sami wuri a ajinsa ba.

Amma fa bai hana almajiransa kayan ƙasarsu ba, har ma tura su ya yi gare su, kuma a nan ne maganar ta yi sarƙaƙiya. Nguyen Phan Chanh, wanda ya shiga a rukunin farko, ya girmi abokan karatunsa, ya taso da karatun rubutun Sin, fentin mai kuwa bai karɓe shi ba. Sai ya koma ga alharini. Ya kan shafa launi a ƙyallen, ya wanke, ya sāke shafawa, har launin ya shige cikin zaren ya zauna. Zanensa na 1931, na yara suna tsugune suna wasan tsakuwa mai kama da dara, ba shi da launi sai ƙasa-ƙasa da baƙi da ɗan fari, ba a cika shi da kaya ba, kuma yaran ba su san ana kallonsu ba, hankalinsu duka yana kan wasan. Lalle aiki ne na gwani. Sai dai ya kamata mai karatu ya tuna inda aka fara yaba irin wannan aiki, watau a babban baje-kolin ƙasashen mallaka da aka yi a Faris a 1931, inda Faransa ta jera dukiyar ƙasashen da ta mallaka don mutanenta su gani. Idon da ya fara cewa wannan shi ne ainihin Biyetnam, idon baƙo ne mai son ganin ƙauye shiru da talaka mai haƙuri.

Labarin zanen ƙaro ya fi wannan ban mamaki. Akwai wata itaciya, a lardin Phu Tho musamman, wadda a ke tsaga jikinta a tari ƙaronta, tun dā kuma masu sana'a su ke shafe akwatuna da tire da kayan ɗakunan ibada da shi. Wani malamin makarantar, Joseph Inguimberty, shi ya ƙarfafa almajirai su gwada shi wajen zane, tare da wani gwanin sana'ar mai suna Dinh Van Thanh. Ana shafa ƙaron hawa-hawa a kan allo, a binne jan launi da zinariya da azurfa da ɓawon ƙwai a tsakanin hawan, kowane hawa sai ya bushe a wuri mai laima, sa'an nan a yi ta gugar fuskar allon da ruwa har hoton ya fito daga ƙarƙashi. Mai fentin mai ƙarawa ya ke yi har ya gama, mai ƙaro kuwa ragewa ya ke yi, in ya zarce da guga ya ɓata aikin watanni. Wannan hanya ita a ke kira son mai, ita ce kuma yau mutanen Biyetnam su ke nunawa su ce babu mai irinta, alhali a cikin ajin makarantar mulkin mallaka aka haife ta, wajen shekarun 1930. Nguyen Gia Tri ya kai ta matuƙa. Babban allonsa na lambun bazara, wanda ya yi ta aikinsa daga 1969 har 1989, 'yan mata ne cikin dogayen riguna suna yawo tsakanin itatuwa, kamar ba a taɓa yin yaƙi a ƙasar ba.

Bayan rasuwar Tardieu a 1937, magajinsa Évariste Jonchère ya fi karkata ga sana'ar hannu, abin da ya jawo masa sūka daga waɗansu tsofaffin almajirai, waɗanda suka ga ana so a mai da su masu ƙera kayan ado.

To Ngoc Van shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a auna wannan gado da shi. A 1943 ya zana budurwa cikin farar riga ta sunkuyar da kai wajen fararen furanni, da fentin mai, zanen da ya zama kamar tambarin zamanin. Bayan shekara 7, a 1950, shi ne shugaban makarantar zane ta masu gwagwarmaya a tsaunukan Viet Bac, yana zana manoma da sojoji da fensir, har ya rasa ransa a 1954 a kan hanyar Dien Bien Phu. Wanda ya jera ayyukansa na farko da na ƙarshe zai ga an canja wanda a ke zanawa, amma hannun bai canja ba: auna jiki, zaman kafaɗa, faɗuwar haske, duka na ajin Tardieu ne. Sabuwar gwamnati ta so zane wanda talaka zai gane da kallo ɗaya, koyarwar Faris ta tsohon yayi kuwa ta yi daidai da wannan bukata kamar an auna. Don haka juyin mulki bai rushe tsarin makarantar ba, gadonsa ya yi, ya ɗora masa darussan Tarayyar Sobiyat.

Mafi ƙarfin abin da wannan haɗuwa ta haifa shi ne allon ƙaro na Nguyen Sang na 1963, wanda ya nuna ana karɓar soja cikin jam'iyya a ramin yaƙi na Dien Bien Phu. Ƙaron da aka saba yi wa 'yan mata da furanni ado da shi, a nan ya zama jar ƙasa da jikuna masu kauri kamar an sare su da gatari, ga wani da ɗaurin rauni a kai. Ko wanda ba ya tare da siyasar zanen zai yarda cewa a nan almajiri ya wuce malamansa, domin ya sa kayan aikin ya faɗi abin da ba su taɓa tsammani ba. Ba kowa ne ya sami wannan sa'a ba. Bui Xuan Phai, wanda ya shiga makarantar a shekarunta na ƙarshe, ya rasa aikin koyarwa a 1957 saboda alaƙarsa da marubutan da suka nemi a sassauta wa masu fasaha. Ya zauna yana zana tsofaffin titunan Hanoi, da rufin gidaje a karkace da baƙin layi mai kauri, a kan kowace takarda da ta shigo hannunsa, kuma sai a 1984 aka bar shi ya yi baje-kolin kansa, saura shekara 4 ya rasu. Abin lura shi ne, a aikinsa ne a ke ganin Faris ɗin da makarantar ba ta koyar ba.

Waɗansu kuwa tun kafin yaƙi suka tafi Faransa suka zauna, kamar Le Pho da Mai Trung Thu da Vu Cao Dam, suna zana uwa da ɗa da 'yan mata a lambu don masu saye na Turai. Shekaru da yawa ba a cika ambatonsu a Hanoi ba. Da aka buɗe kasuwar ƙasar daga 1986 sai kāya ya juya, har a 2021 aka sayar da wani zanen Mai Trung Thu, hoton wata budurwa mai suna Phuong, a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a kan dala miliyan 3.1. Kasuwa ta komo da ainihin abin da baje-kolin 1931 ya so, kuma ɗakunan sayar da zane na Hanoi suka cika da fararen riguna da gonakin shinkafa da furen bado, waɗanda yawancinsu kwaikwayo ne marar rai na abin da tsofaffin suka yi da gaske. Inda kuɗi ya taru kuwa ba a rasa 'yan damfara. A 2016 aka baje zane 17 a gidan ajiyar zane-zane na birnin Ho Chi Minh da sunan manyan almajiran makarantar Hanoi, masana suka duba suka ce ba ko ɗaya da za a tabbatar na ainihi ne, gidan ajiyar ya ba jama'a haƙuri.