Jigon Cin Zalin Mata a Fim Ɗin Insiang na Lino Brocka

Fim ɗin Insiang, wanda Lino Brocka ya shirya a 1976, lokacin da ƙasar Filifin ke ƙarƙashin dokar soja ta Shugaba Marcos, shi ne na farko daga ƙasar da aka nuna a bikin finafinai na Cannes, a 1978. An gina labarin a Tondo, unguwar matalauta a birnin Manila, kuma babban jigonsa shi ne cin zalin mace a cikin gidansu.

Fim ɗin ya buɗe da mayankar aladu inda Dado yake aiki. Wannan kuwa hannunka-mai-sanda ne ga mai kallo. Tonya, mahaifiyar Insiang, mijinta ya gudu ya bar ta, sai ta ɗora haushinsa a kan 'yarta, sa'an nan ta shigo da Dado gida a matsayin farkanta. Da Dado ya yi wa yarinyar fyaɗe, uwar ta gaskata ƙaryarsa cewa ita ta yaudare shi. Saurayinta Bebot, wanda ta gudu wurinsa, shi ma ya biya bukatarsa ya watsar da ita.

Abin lura a nan shi ne Brocka bai raba taurarinsa gida biyu ba, wato maza azzalumai, mata abin tausayi. Tonya an zalunce ta, ita kuma ta zalunta. Ta haka aka nuna cewa danniyar maza takan sami masu riƙe mata ƙafa a cikin matan kansu, musamman inda talauci ya yi katutu.

Mai yiwuwa a ɗauki ramuwar Insiang a matsayin nasarar 'yancin mata, domin ta rura kishin uwarta har ta kashe Dado. Wannan fassara tana da rauni. Makamin yarinyar bai wuce jikin da aka keta ba, kuma sakamakonsa uwa a kurkuku, 'ya cikin kaɗaici. Ramuwar gayya ce ta wadda ba ta da wurin kai ƙara. Sai a 1997 dokar Filifin ta mai da fyaɗe laifi ga mutum, ba ga tsarkin mace kurum ba, sa'an nan dokar kare mata da 'ya'yansu daga duka da muzgunawa ta biyo baya a 2004.

Saboda haka, ƙimar fim ɗin tana cikin ƙin da ya yi na lallashin mai kallo. Manazarcin jigon mata a adabi zai amfana da tambayar da ya bari: ina amfanin ramuwar da ta bar gidan zalunci a tsaye?