Jinjina ga Masu Sauraro Don Zaman Lafiya

Idan zaɓe ya ƙarato a Kaduna, akwai mutanen da ke zuwa sauraron ɗan takara ba don tafi ko kuɗin mota ba. Limamai ne da fastoci, iyaye mata da shugabannin matasa, masu aikin sulhu a unguwanni. Kunnensu na kan kalmar da za ta iya tayar da fitina: habaici ga wata ƙabila, ko raba masu zaɓe da sunan addini.

Sun san abin da suke gudu. A watan Afrilun 2011, rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka fiye da 800 a Arewa, Zonkwa da Kafanchan suka ɗanɗana kuɗarsu. Hanyar da suke bi, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ne suka share ta tun 1995, mutum biyu da suka taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna. Wuye har hannu ya rasa a wani rikici a 1992.

Abin da ya fi burge ni, bayan an watse sukan tsaya su roƙi ɗan takara ya ja kunnen 'yan bangarsa, sannan su koma unguwa su kashe jita-jita tun ba ta yi ƙafa ba.