Masu ɗinka tsoro da sauti

A shekarar 2016 Babak Anvari, haifaffen Iran mazaunin Ingila, ya fito da dogon fim ɗinsa na farko, Under the Shadow. Labarin a Tehran yake, lokacin yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, sa'ad da makamai masu linzami suka fara sauka a tsakiyar birni. Da Farisanci aka yi shi, a ƙasar Jodan aka ɗauke shi. Shideh mace ce da aka hana ta komawa karatun likita saboda siyasar da ta taɓa yi. An tura mijinta bakin daga, aka bar ta a gidan bene da 'yarta Dorsa. Wani makami ya huda rufin gidan bai fashe ba. Daga nan 'yar tsanar yarinyar ta ɓace, aka fara raɗe-raɗin cewa aljannu iska suke bi, kuma in suka ɗauke abin da mutum yake ƙauna, to sun same shi ke nan.

Fim ɗin ya cancanci kallo, ƙwarai kuwa. Ya ci kyautar BAFTA ta gwanin sabon shiga a 2017, amma ba kyautar ce hujjata ba. Aljanin fim ɗin da ƙyar ake ganinsa. Mafi yawan tsoron ta kunne yake shigowa, kuma irin wannan aikin na wasu mutane ne da sunansu ke wucewa a ƙarshen fim bayan kowa ya tashi.

Tun a wurin ɗauka aikin yake farawa. Mutum guda yana tsaye da doguwar sanda a saman kansa, makirufo na rataye a bakinta. Dole ya haddace maganar kowane ɗan wasa, don ya juya sandar zuwa bakin mai magana kafin ya buɗe baki, ba tare da inuwarta ta faɗa cikin hoto ba. In an gama fitowa, sai ya roƙi kowa ya tsaya cik kamar minti ɗaya. Ba mai tari, ba mai gyara tsayuwa. Shirun ɗakin yake ɗauka. Kowane ɗaki da irin shirunsa: gurnanin firji, numfashin titi daga nesa, yadda bango ke mayar da amo. Wannan shirun za a shimfiɗa ƙarƙashin dukan maganganu, don kada kunne ya ji inda aka yanka aka haɗa. A fim na tsoro kuwa yana da amfani na biyu. Bayan kunnenka ya saba da shi har ka manta yana nan, sai a zare shi a hankali. Ba za ka san abin da aka ɗauke ba, gabanka ne kawai zai faɗi.

Sai wuri na biyu, ɗakin da ake sana'ar da ta ɗauki sunan Jack Foley, wanda ya yi aiki a kamfanin Universal tun farkon zuwan fim mai magana. Ma'anarta sake yin sautin kowane ƙaramin motsi da hannu, ana kallon hoton. Ƙasan ɗakin an raba shi gida-gida: nan siminti, nan katako, nan tsakuwa, nan tayil. Gefe guda tulin takalma ne, tsofaffi sun fi daraja domin sun fi magana. Mai aikin zai sa takalmi, ya zuba wa kafaɗun ɗan wasan ido, don kafaɗa ke fara nuna lokacin da ƙafa za ta sauka, sannan ya yi ta taku a wuri ɗaya. Takun mai gudu daban, na mai sanɗa daban, na uwar da ta ɗauko ɗiya tana gangarawa ɗakin ƙarƙashin ƙasa cikin duhu daban.

In ya gama da ƙafa, sai ya koma farko ya bi tufafi. Ya zauna kusa da makirufo da ƙyalle a hannu, yana murza shi daidai da kowane juyi na jiki. A nan na fi jinjina wa sana'ar, domin a Under the Shadow abin tsoron da siffar mayafi yake zuwa, irin dogon lulluɓin matan Iran. Yadi mai nauyi ja yake yi, mai santsi raɗa yake yi, wanda aka sa wa sitaci ƙara yake yi. Zaɓen wanda ya dace shi ne bambancin zanin shanya da abin da zai hana ka barci. Zagaye na uku na kayan hannu ne: makulli, kofin shayi, salatif ɗin da Shideh ke mannawa a gilashin taga don kada ya tarwatse in bam ya tashi.

Iska ita ce mai wuyar sha'ani. In ta bugi makirufo kai tsaye, gurnani kawai ake samu, shi ya sa ake sa masa riga mai gashi buzu-buzu. Gwani ya san abin da iska ta taɓa ake ɗauka: labule, ƙofar da ba ta rufu sosai ba, waya, tsagar bango. Yana ɗauko su ɗaya-ɗaya, ya kai wa mai haɗawa, shi kuma ya jera su layi bisa layi a kwamfuta, kamar yadda marini ke tsoma zane a baba sau da yawa kafin launi ya kama. A can ƙasa akan sa wani amo mai kauri. Kunnen ɗan Adam yana fara ji ne daga girgiza kusan 20 a daƙiƙa, kuma abin da ke kusa da wannan iyaka ƙirji ya fi kunne jin sa.

Saura lokaci. Fim hotuna 24 ne a kowace daƙiƙa, kuma mai tacewa yakan matsar da ƙara gaba ko baya da hoto biyu ko uku, ya saurara, ya mayar, ya sake. In ƙarar ta zo daidai lokacin da kake jiranta, ta mutu. Sai ta ɗan makara, har ka fara sakin numfashi.

Malalacin mai fim bai san wannan wahala ba. Zai sauko da kururuwa daga intanet, ya shafa wa wani hoda a fuska, ya ƙure ƙara, ya ce ya yi fim ɗin aljannu. Za ka zabura, gaskiya ne, amma ko faranti ne ya faɗi a bayanka za ka zabura. A fim ɗin Anvari jiniyar gargaɗi da motsin aljani a hanya ɗaya suke zuwa, har ka kasa rabe wanne ne yaƙi, wanne ne iska, wanne ne kuma kan Shideh da rashin barci ya fara taɓawa.

Tsawonsa bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma kusan rabin farko rigimar gida ce da zaman maƙwabta, don haka mai neman jini da sara zai gaji. Ba na yara ba ne. Wanda zai kalla kuma kada ya dogara da lasifikar waya, domin ba ta iya fitar da amon nan na ƙasa. Ya nemi abin sawa a kunne mai kyau.