Darar da Ake Rubutawa

Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi a Gyadi-Gyadi ta Kano, sai a fito da benci ƙofar gida, majalisa ta haɗu. Wasu ludo, wasu karta, wasu kuma sun duƙufa a kan allon dirafti suna doka ƙwaya kamar da katakon suke rigima. Can gefe akwai saurayin da ya sunkuyar da kai a kan waya, ba ruwansa da hayaniyar, yana fafatawa da wani mutumin Indiya ko Masar a wasan ces na minti 3. Wayar, wadda mai yiwuwa daga kasuwar Farm Centre ta Tarauni ta fito, ta sama masa abokan karawa dare da rana. Amma makinsa na nan inda ya bar shi bara. Yana wasa kullum, ba ya ƙaruwa, kuma ya rasa dalili.

Dalilin na nan a ƙasa, kusa da ƙafarsa, inda kakanninsa suka yi ta haƙa gurabun dara.

Dara wasan lissafi ce ta gaske. Gurbi 30 ne, layi 5 kowanne da gida 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa. Da farko ana zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku a lokacin ba. Sai an gama zubi ake fara tafiya, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Gwanin dara ya san tun a zubi ake cin wasa: yana dasa tsinkensa yana hango inda zai riƙa buɗewa yana rufewa, kowace rufewa da ci. Wannan shi ne ainihin abin da masu ces ke kira buɗin wasa. Sai dai da an tashi, tafin hannu ɗaya ya isa ya shafe komai. 'Yan kallo za su yi ta musu, wannan ya ce da ka sa nan, wancan ya ce ai tun can dara ta ci gida, amma kowa da yadda ya tuna gurabun. Gwani ya rasu, gwanintarsa ta bi shi.

Haka ta faru da wani wasan da ya fi dara kusa da ces. A 1934 Baturen nan C. K. Meek ya buga ɗan taƙaitaccen bayani a mujallar Man game da tsatsarandi, shaɗaranjin fadar Borno. Sunayen 'ya'yansa ma na sarauta ne: sarki shi ne Mai, na kusa da shi Ciroma, na kusurwa Kaigama. Lokacin da aka rubuta bayanin, masu iya wasan sun kusa ƙarewa. Sunaye sun tsira, dabarun da aka buga a zaurukan fada sun tafi.

A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa abin ya sha bamban, domin can alƙalami ya shiga wasan. Al-Adli ya rubuta littafi a kan shaɗaranji a ƙarni na 9, As-Suli ya biyo bayansa a ƙarni na 10, ya kuma yaye almajirinsa Al-Lajlaj. Sun tsara hanyoyin buɗe wasa suka kira su ta'abiya, wato jera runduna, suka tara matsalolin ƙarshen wasa da ake ce wa mansuba, suka kuma kasa 'yan wasa daraja-daraja. Shekara fiye da 1,000 ke nan, har yau ana iya jera waɗannan matsaloli a kan allo a gwada basira da su. Ɗalibin zaure a Kano ya san sunan wasan ta wata ƙofar daban: Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana shi tare da wasan nardu, malaman Shafi'iyya kuwa sun tsaya a karhanci muddin babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Wannan saɓani na cikin dalilan da suka sa wasu iyaye ke ɗaga gira idan sun ga allon a ɗakin yaro, kuma mai son koyar da ces a Tarauni gara ya san da shi tun kafin ya tara yara.

Ces ta zamani ta gaji wannan ɗabi'a ta rubutu har ta mayar da ita doka. A gasar da hukumar FIDE ta amince da ita, idan wasa mai dogon lokaci ne, dole kowa ya rubuta tafiyarsa da ta abokin karawarsa. Allon gida 64 ne, kowane gida da harafi da lamba, saboda haka e4 a Kano ita ce e4 a Mosko. Daga nan aka sami tulin ilimin buɗi: na Ruy Lopez, limamin cocin Sifaniya da ya fitar da littafinsa a 1561, da kariyar Sisiliya, da sauransu, har wani kamfanin ɗab'i na Belgrade ya raba su zuwa lambobi 500, daga A00 zuwa E99.

A nan ne matashin mai waya ke faɗawa rami. Yakan haddace tafiya 10 ko 12 daga bidiyon YouTube, galibi tarko, ya yi ta ɗana wa mutane. Ran da aka kauce masa a tafiya ta 4, sai ya zama kamar mai tilawar da aka katse a tsakiyar aya, bai san gaba ba, bai san baya ba. Hadda ce babu fassara.

Maganin wannan matsala tsohon wasa ne guda, wanda Paul Morphy ya buga a gidan wasan opera na Faris a 1858, shi kaɗai da wasu masu sarauta biyu da suka haɗa kai. Tafiya 17 kacal. Morphy bai motsa ɗa ba sai da aikin da zai yi: ya kama tsakiyar allo, ya fito da mayaƙansa, kowace fitowa da barazana, abokan karawarsa kuwa suna ta toshe ɓaraka. A tafiya ta 10 ya ba da doki don ya buɗe hanya zuwa ga sarkinsu. A ta 16 ya miƙa sarauniyarsa sukutum, aka cinye, a ta 17 ya rufe wasan da manyan 'ya'ya biyu da suka rage masa. Idan aka dubi ɗaya ɓangaren, za a tarar da manyan 'ya'ya biyu na gefen sarki ba su ko motsa daga gidajensu ba. Wanda ya jera wannan wasa a kan allo, ya rufe tafiyar Morphy da takarda, ya fara cankar abin da zai yi kafin ya duba, ya koyi dalilin buɗi fiye da wanda ya kalli bidiyo 20. Salon ba baƙo ba ne a Kano. Haka ake karatun zaure: a ja baƙi, a tsaya, malam ya warware, gobe a dawo da bita.

Manyan gwanaye ma ta nan suka bi. Capablanca, ɗan Kuba da ya zama zakaran duniya a 1921, ya fara littafinsa na koyarwa da ƙarshen wasa, inda 'ya'ya kaɗan ne kuma kuskure ba shi da wurin ɓuya. Botvinnik, zakaran 1948, ya kafa makarantar da Karpov da Kasparov da Kramnik suka ratsa, kuma babban darasinsa shi ne ɗalibi ya zauna ya feɗe wasanninsa da kansa, musamman waɗanda aka cinye shi. Bobby Fischer sai da ya koyi karanta Rashanci don mujallun Tarayyar Sobiyet, kafin ya kayar da Spassky a 1972. Na baya-bayan nan ya fi ban mamaki: Gukesh na Indiya, wanda ya karɓe kambun duniya daga Ding Liren a Singafo a Disambar 2024 yana da shekara 18, kocinsa Vishnu Prasanna ya nisanta shi da injin lissafin ces a shekarunsa na koyo. Yau injin Stockfish kyauta ne a shafin Lichess, yana nuna kuskure cikin ƙiftawar ido, sai dai ba ya gaya wa mutum tunanin da ya kai shi ga kuskuren.

Nijeriya ba ta rasa abin nunawa ba. Odion Aikhoje ya ciyo lambar zinare a allo na 2 a gasar Olimfiyad ta Elista a 1998. Tunde Onakoya, wanda ya fara koyar da yaran unguwannin talakawa a Ikorodu a 2018, ya yi awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024. Amma muƙamin babban gwani, mai buƙatar maki 2500, Masar da Zambiya sun riga mu kaiwa gare shi, kuma yawancin gasanni masu ba da maki a Legas da Abuja ake yin su. Ɗan Kano sai ya haɗa da kuɗin mota.

Abin da ke hannunsa dai ba shi da tsada. Littafin rubutu irin na 'yan firamare, biro, allo ko da na kwali ne, da aboki ɗaya da zai yarda su yi wasan minti 30 kowanne maimakon na minti 3. Su rubuta kowace tafiya. Idan an gama, kada a kwashe 'ya'yan: a koma tafiya ta farko, a bi a hankali har inda abin ya karkace, wanda aka cinye ya faɗi abin da yake nufi, wanda ya ci ya faɗi abin da ya tsorata da shi, sannan a buɗe waya a ji ta bakin inji. 'Yan majalisa za su sa baki kamar yadda suka saba a dirafti, kuma wannan karon idan musu ya kaure a kan inda dokin yake, akwai shafin da za a buɗe.