Furobayotik da Borin Jini: Sharhi a Kan Wata Da'awa da Ta Shigo Katsina

Duk wanda ya leƙa kantunan G.R.A. ta Katsina, ko shagunan magani da ke kusa da su, zai ci karo da wata kalma da ba mu saba ji ba a da, wato furobayotik. Tana jikin robar yogot, tana jikin gwangwanin madarar jarirai, tana kuma bakin mai shago. Da'awar da ke biye da ita ita ce wai waɗannan ƙwayoyin halitta suna hana borin jini da kirci da asma, har ma su warkar da su. Ita muke so mu auna a wannan takarda, domin iyaye suna zuba kuɗinsu a kanta, kuma abin tsoro shi ne a jingine maganin asibiti saboda ita.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun a 1907 wani masani Barashe mai suna Metchnikoff, wanda ke aiki a Faris, ya danganta tsawon ran ƙauyawan Bulgeriya da shan nono mai tsami. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka yi wa kalmar iyaka: ƙwayoyi ne masu rai waɗanda, in an sha adadin da ya isa, sukan amfani jiki. Sharaɗi biyu ke nan, rai da adadi. To, akwai yogot ɗin da ake sake dafawa bayan ya yi tsami don ya jima bai lalace ba, kuma wannan dahuwa kashe ƙwayoyin take yi. Wanda ba a dafa ba kuwa, sai mu tambayi abin da ya saura a cikinsa bayan ya wuni a firjin da babu wuta cikin zafin Afrilu.

Hujjar da aka fi jingina da ita bincike ne da aka yi a Turku ta ƙasar Finlan, aka buga a mujallar Lancet a 2001. An bai wa mata masu juna biyu ƙwaya guda, Laktobasilus GG, makonni kaɗan kafin haihuwa, aka ci gaba har wata 6 bayan haihuwar. Da yaran suka kai shekara 2, 15 cikin 64 ne suka yi kirci, alhali a ɓangaren da ba a bai wa ba 31 ne cikin 68. Ba mu raina wannan sakamako ba. Amma a lura da abin da ya ce da kuma abin da bai ce ba. Kirci ya auna, kuma a gidajen da cutar ke bin jini. Bai nuna an hana asma ba. Bugu da ƙari, rigakafi ya gwada, ba warkarwa ba. Bahaushe ya san bambancin nan tun da ya ce rigakafi ya fi magani, amma mai talla ya haɗe kalmomin biyu kamar tagwaye.

Da aka maimaita gwajin a Jamus da ƙwayar nan dai, aka buga a 2008, ba a ga bambanci ba. Saboda irin wannan saɓani ne ƙungiyar masana waɗannan cututtuka ta duniya, a 2015, ta ba da shawara mai sharaɗi kawai ga gidajen da ke cikin haɗari, ta kuma faɗa da bakinta cewa hujjar mai rauni ce ƙwarai.

Akwai kuma masu cewa mu ba mu da buƙatar na kanti, tun da ga kindirmo da nonon da matan Fulani ke shigowa da shi daga rugage. Mun fi jin daɗin wannan magana, kuma gaskiya ne nono mai tsami yana ɗauke da dangin waɗannan ƙwayoyi. Sai dai dangi ba shi ne mutum ba. Abin da aka gwada a Turku ƙwaya ce guda mai suna da adadi, ita kuwa kowace ƙwarya da irin nata, gwargwadon tsamin da aka zuba mata jiya. Fura da nono abinci ne mai kyau, ba ya buƙatar a ara masa rigar magani.

Inda da'awar ta fi haɗari shi ne wajen yaron da jikinsa ke bore ga madarar shanu ita kanta. Tsami yana rage sukarin madara, shi ya sa mai kumburin ciki kan iya shan kindirmo lafiya. Amma ba ya kawar da furotin ɗin da ke tayar da borin. Uwar da aka ce wa yogot maganin borin jini ne za ta iya ɗura wa irin wannan yaro abin da zai kumbura masa leɓe ya toshe masa numfashi.