Masu kaɗa bes, ku bar mu mu ji waƙa

A majami'un da ake sujada da Hausa a Fatakwal, Anacha da Inugu, yanzu kusan kowane saurayi bes yake son riƙewa. Madalla. Tsirkiya huɗu ce, wata shida ya isa yaro ya fara raka mawaƙa. Matsalar ita ce abin da yake koyo.

Yaranmu a YouTube suke koyo, wajen makaɗan majami'un Amurka masu marin tsirkiya da babban yatsa. Sai a ɗauko waƙa daga Littafin Waƙoƙi, wadda iyayenmu suka haddace tun a gida, mai bes ya cika kowane gurbi da gudu, sifika kuwa an ƙure ta. Hausa harshe ne mai hawa da sauka da dogon wasali. In ƙasa ta cika da ruri, kalma ba ta fita. Ku duba bencin tsofaffi, baki a rufe, sai tafi kawai.

Abin haushi, malamin yana ƙofar gida. A Anachan nan Prince Nico Mbarga ya fitar da Sweet Mother a 1976. Ku saurari bes ɗinta: ɗan zagaye ɗaya yake maimaitawa, murya na tafiya a kansa. Haka mai tulu take yi a Zumuntar Mata, bugu biyu ko uku, ta bar sarari.

Shugabannin mawaƙa, ku zaunar da sabon ɗan bes kusa da mai tulu wata uku kafin a jona masa waya.