Kalmar "Zumunci" a Bakin 'Yan Jarida: Tsokaci Daga Garwa

1.0 Gabatarwa

Duk mai sauraren labaran Hausa ya saba jin an ce ƙasa kaza ta "ƙarfafa danƙon zumunci" da ƙasa kaza. Wannan takarda tana ganin akwai gyara a wannan fassara. A wurin Bahaushe zumunci hakki ne da ake saukewa ba don riba ba, shi ya sa ake cewa zumunta a ƙafa take. Idan aka ɗora kalmar kan hulɗar ƙasashe, an yanke wa mai sauraro hukunci ke nan tun bai ji bayani ba. Za a gwada kalmar da misalai biyu daga arewacin Kamaru.

2.0 Ahijo da Yaƙin Basasa

Shugaba Ahmadu Ahijo haifaffen Garwa ne. A yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970) ya tsaya bayan gwamnatin Gowon, alhali Faransa, wadda ta reni ƙasarsa, ta karkata ga Biyafara. A nan kalmar tana da madafa, domin Garwa da Yola tushensu ɗaya, wato masarautar Adamawa. Sai dai Ahijo yana da tasa damuwar. A 1961 ne yankin masu Turancin Ingilishi ya haɗe da Kamaru, kuma ɓallewar Biyafara na iya zame musu abin koyi. Gemun ɗan'uwansa ya gani ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

3.0 Madatsar Lagdo

A 1971 Kamaru ta bar Taiwan ta ƙulla hulɗa da Sin. Daga 1977 zuwa 1982 Sinawa suka gina madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, sama da Garwa. Arewacin Kamaru ya sami lantarki da noman rani, ita kuwa Sin ta sami ƙawa a lokacin da take neman magoya baya a Afirka. Kowa ya ci riba.

To, amma ruwa bai san kan iyaka ba. A 2012 da 2022 ruwan da aka saki daga Lagdo ya haɗu da mamakon damina, gonaki da gidaje suka nutse daga Adamawa har Lakwaja. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara a ɓangaren Nijeriya don tare ruwan kuwa, ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba. Manomin Numan da shinkafarsa ta tafi, me "zumunci" ya bayyana masa?

4.0 Kammalawa

Ba ana nufin babu tausayi tsakanin ƙasashe ba ne. Abin lura shi ne Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai "hulɗa", da "ƙawance", da "yarjejeniya", da "cuɗe-ni-in-cuɗe-ka", kowace da nauyinta. Kafin ɗalibi ya rubuta "zumunci", ya tambayi kansa: wa ya bayar, wa ya karɓa, wa kuma aka bari da asara? Amsar ita za ta zaɓa masa kalma.